BABI NA UKU: LISSAFIN MA'AUNIN TURJIYA DAGA AWON TAKURA DA MIƘA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren kayan da ake gini da ƙira da su, kamar ƙarfe da katako da kankare. A wannan babi kuwa za a duba hanyar da masana kimiyya ke bi domin auna yadda kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yake turjewa idan an ja shi. Za a fara da bayanin kalmomin da aka yi amfani da su, sannan a kawo taƙaitaccen tarihi, da yadda ake yin awon, da kuma misalin lissafi daki-daki. Abin da ake son fitarwa shi ne, lissafin kansa ba shi da wuya, domin raba adadi ɗaya ne da wani. Inda gizo ke saƙa shi ne sanin waɗanne alƙaluma ya halatta a raba, da kuma fahimtar abin da amsar take nufi. Wanda ya yi kuskure a ɗayan waɗannan wurare biyu zai iya yanke wa ƙarfe hukuncin da ba nasa ba, alhali a kan wannan ƙarfe ne za a ɗora ginin da mutane za su kwana a ciki.

3.1 Ma'anar Kalmomi

Akwai kalmomi uku da wannan babi ya ginu a kansu. An zaɓo su ne daga Hausar yau da kullum, aka taƙaita ma'anarsu domin su dace da fannin.

3.1.1 Takura

Idan aka rataya nauyi a jikin waya, nauyin yana jan ta da wani ƙarfi wanda ake aunawa da niyuton (N). Nauyin kilogiram 1 yana ja da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton 9.8. To amma sanin ƙarfin ja kawai bai wadatar ba, saboda nauyin da zai tsinka siririyar waya ko gezau ba zai sa rodi ya yi ba. Saboda haka sai an dubi faɗin bakin wayar, wato filin da ake gani a bakinta idan an datse ta. Takura ita ce rabon da kowane ɗan yanki na wannan faɗi yake ɗauka daga ƙarfin ja:

Takura = Ƙarfin ja ÷ Faɗin baki

Ana auna takura da faskal (Pa), sunan da aka ɗauko daga na masanin nan na Faransa, Blaise Pascal. Faskal 1 shi ne niyuton 1 a kan murabba'in mita 1, kuma ƙaramin awo ne ƙwarai. Don haka aka fi amfani da megafaskal (MPa), wato faskal miliyan 1, wanda ya yi daidai da niyuton 1 a kan murabba'in milimita 1. Megafaskal 1,000 kuma su ne gigafaskal (GPa) 1.

3.1.2 Miƙa

Wayar da aka ja takan ƙara tsawo. Sai dai ƙarin milimita 1 a wayar da tsawonta mita 1 ne ba ɗaya yake da ƙarin milimita 1 a wayar mita 10 ba. Miƙa ita ce gwargwadon ƙarin da aka samu idan an kwatanta shi da tsawon asali:

Miƙa = Ƙarin tsawo ÷ Tsawon asali

Da yake tsawo ne aka raba da tsawo, miƙa ba ta da wani awo da ake liƙa mata; adadi ce tsura, kamar 0.001. Sharaɗin kawai shi ne a auna tsawon biyu da awo iri ɗaya, milimita da milimita ko mita da mita.

3.1.3 Ma'aunin Turjiya

A Hausa akan ce jaki ko akuya sun turje idan ana jan su suna ƙin tafiya. Daga nan aka aro kalmar turjiya domin bayyana yadda abu yake ƙin miƙewa. Ma'aunin turjiya, wanda masana ke rubutawa da harafin E kuma suke kira ma'aunin Young, shi ne:

Ma'aunin turjiya = Takura ÷ Miƙa

Idan adadin ya yi yawa, abin yana da wuyar miƙewa ke nan. Idan ya yi kaɗan, yana da sauƙi. An guje wa kalmomin "ƙarfi" da "tauri" da "ƙwari" da gangan. Bahaushe kan ce abu yana da ƙarfi ko ƙwari idan yana da wuyar karyewa, ya ce yana da tauri idan yana da wuyar yankawa ko taunawa. Waɗannan siffofi ne dabam, kuma haɗa su da turjiya yana jawo ruɗanin da za a yi bayaninsa a 3.6.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen wannan lissafi ya faro ne daga wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Robert Hooke (1635-1703). Ya lura cewa idan aka ninka nauyin da aka rataya wa sifirin, miƙewarsa ma takan ninka. A shekarar 1676 ya buga wannan ƙa'ida a ɓoye, cikin haruffan Latin da ya hargitsa, sannan ya warware ta a fili a 1678. Ita ce ake kira dokar Hooke. Gibin da ke cikinta shi ne tana magana ne a kan abu guda, kamar wani sifirin ko wata waya, don haka da zarar an canza tsawo ko kauri sai alƙaluman su canza.

Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya taɓo tunanin samar da ma'aunin da ya keɓanta ga kayan da aka yi abu da shi tun a 1727, kuma Giordano Riccati na Italiya ya yi gwaje-gwaje a kan haka a 1782. Amma sunan Thomas Young (1773-1829) ne ya bi ma'aunin, saboda bayanin da ya yi a cikin laccocinsa da aka buga a 1807. Masanan Faransa ne suka kammala aikin: Augustin Cauchy ya fayyace ma'anar takura a 1822, Claude Navier kuma ya kawo ma'aunin a sigar da ake amfani da ita a 1826. Amfanin wannan siga shi ne, da siririyar waya da ƙaton ginshiƙi, muddin da ƙarfe iri ɗaya aka yi su, amsa ɗaya za su bayar.

3.3 Yadda Ake Yin Awon

A ɗakunan gwaji na makarantu an fi amfani da na'urar Searle, wadda ta samo suna daga G. F. C. Searle, malamin kimiyya a Jami'ar Kambirij. Ana rataye wayoyi biyu iri ɗaya, masu tsawo ɗaya, daga maƙali guda. Ɗaya ana ɗora mata nauyin da ba ya canzawa, ɗayar kuma ita ake ƙara wa nauyi. A tsakaninsu akwai lebur irin na magina da kuma maikuromita mai iya nuna kashi 1 cikin 100 na milimita. Matakan aikin su ne kamar haka:

i. A rataya wa wayar gwaji ɗan ƙaramin nauyi domin ta miƙe sak, duk wata lanƙwasa ta fita.

ii. A auna tsawonta daga maƙali zuwa inda na'urar take.

iii. A auna kaurinta da maikuromita a wurare da dama, a fitar da matsakaici.

iv. A riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Bayan kowane ƙari a juya maikuromita har lebur ya daidaita, a rubuta ƙarin tsawon.

v. A riƙa sauke nauyin ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko wayar tana komawa tsawonta na asali.

A masana'antu da manyan ɗakunan gwaji kuwa, inji ne ke damƙe guntun ƙarfen ta sama da ƙasa yana ja. Akan manna wa ƙarfen wata 'yar na'urar lantarki mai gano miƙa, wadda Edward Simmons da Arthur Ruge suka ƙirƙiro a Amurka a 1938, kowa da nasa binciken. Duk da bambancin kayan aiki, lissafin bai sauya ba.

3.4 Misalin Lissafi

Alƙaluman da ke biye an tsara su ne domin misali, bisa yadda waya ta ƙarfe mai laushi ta saba nunawa. A ɗauka tsawon wayar mita 2 ne, wato milimita 2,000, kaurinta kuma milimita 0.50.

Mataki na farko shi ne fitar da faɗin baki. Bakin waya da'ira ne, saboda haka za a raba kauri biyu, a ninka rabin da kansa, sannan a ninka da 3.142:

Rabin kauri = 0.50 ÷ 2 = 0.25
Faɗin baki = 3.142 × 0.25 × 0.25 = murabba'in milimita 0.196

Mataki na biyu shi ne fitar da takura. Kilogiram 1 yana ja da niyuton 9.8, don haka:

Takura = 9.8 ÷ 0.196 = MPa 50

Ke nan kowane ƙarin kilogiram 1 yana ƙara takura da MPa 50. Mataki na uku shi ne raba kowane ƙarin tsawo da 2,000 domin samun miƙa. Ga sakamakon a jadawali:

Jadawali na 3.1: Awon Takura da Miƙa

Nauyi (kg) | Takura (MPa) | Ƙarin tsawo (mm) | Miƙa
1 | 50 | 0.51 | 0.000255
2 | 100 | 1.00 | 0.000500
3 | 150 | 1.49 | 0.000745
4 | 200 | 2.01 | 0.001005
5 | 250 | 2.80 | 0.001400
6 | 300 | 6.00 | 0.003000

Idan aka lura da jadawalin za a ga cewa daga kilogiram 1 zuwa 4, kowane ƙarin nauyi yana kawo ƙarin tsawo na kusan rabin milimita. Wannan shi ne yankin da dokar Hooke ke aiki. Da aka kai kilogiram 5 sai ƙarin ya zama 0.79, a kilogiram 6 kuma ya yi tsalle zuwa 3.20. Idan aka zana giraf, takura a tsaye, miƙa a kwance, ɗigo huɗu na farko za su hau layi ɗaya miƙaƙƙe, sauran biyun kuma su karkace zuwa dama. Wurin da layin ya fara karkacewa shi ake kira iyakar daidaito. Kusa da nan kuma akwai gaɓar saki, inda ƙarfen ke saduda, ya miƙe miƙewar da ba zai koma ba ko da an sauke nauyin.

Ma'aunin turjiya shi ne tsananin hawan wannan layi miƙaƙƙe. Ana samun sa ta hanyar ɗaukar wurare biyu masu nisa da juna a kan layin, a raba bambancin takura da bambancin miƙa:

Bambancin takura = 200 − 50 = 150
Bambancin miƙa = 0.001005 − 0.000255 = 0.000750
Ma'aunin turjiya = 150 ÷ 0.000750 = MPa 200,000 = GPa 200

Wannan amsa ta dace da abin da aka sani game da ƙarfe, wanda ma'auninsa ke tsakanin GPa 200 da 210. Dalilin amfani da bambanci maimakon awo guda shi ne, kowane awo yana ɗauke da ɗan kuskurensa, kuma idan ba a saita na'urar daidai a kan sifiri ba tun farko, ɗebe awo daga awo zai share wannan kuskure.

Yanzu a duba abin da zai faru idan aka yi amfani da layukan ƙarshe na jadawalin. A kilogiram 5, raba 250 da 0.0014 zai ba da kimanin GPa 179. A kilogiram 6, raba 300 da 0.003 zai ba da GPa 100, wato rabin amsar gaskiya. Ba a yi kuskure a rabawar ba. Alƙaluman da aka raba ne suka fito daga yankin da ƙa'idar ta daina aiki. Saboda haka zana giraf kafin lissafi wajibi ne, domin shi ke nuna inda layin ya tsaya.

3.5 Wuraren da Kuskure Ke Shigowa

Baya ga wuce iyakar daidaito, akwai wasu wurare huɗu da suka kamata a yi hattara da su.

Na farko, awon kauri. Da yake ana ninka rabin kauri da kansa, duk kuskuren da aka yi a nan yakan ninku. Alal misali, idan aka karanta 0.52 a maimakon 0.50, kuskuren kashi 4 cikin 100 ne, amma faɗin baki zai zama 0.212, kuma amsar ƙarshe ta sauko zuwa kimanin GPa 185, wato kuskuren kusan kashi 8 cikin 100. Wannan ne ya sa ake maimaita awon kauri fiye da kowane awo. Wanda kuwa ya manta bai raba kaurin biyu ba, faɗin bakin zai ninka huɗu, amsarsa ta zama GPa 50.

Na biyu, gauraya awo. Raba milimita da mita kai tsaye yana kumbura miƙa sau 1,000. Haka nan sanya kilogiram a gurbin niyuton yana rage takura kusan sau 10.

Na uku, zafi da sanyi. Ƙarfe yana ƙara tsawo da kimanin kashi 12 cikin miliyan a kan kowane digiri 1 na ma'aunin Salsiyos. Wayar mita 2 za ta ƙaru da milimita 0.24 idan zafi ya hau da digiri 10, wato kusan rabin abin da kilogiram 1 ke jawowa a misalin da ya gabata. A ƙasar Hausa, musamman lokacin hunturu, bambancin sanyin safiya da zafin rana yakan haura haka. Hikimar waya ta biyu a na'urar Searle ke nan: zafi yana miƙar da wayoyin biyu tare, don haka lebur ba ya nuna komai sai abin da nauyi ya jawo. Haka kuma idan maƙalin ya ɗan sunkuyo, tare za su sauko.

Na huɗu, yanayin kayan da ake gwadawa. Ba kowane abu ne ke ba da layi miƙaƙƙe ba. Giraf ɗin kankare yana fara karkacewa tun da wuri, don haka injiniyoyi kan ja layi daga farko zuwa wata takura da aka ƙayyade, su ɗauki hawansa. Roba ma ba ta bin dokar Hooke sai a 'yar ƙaramar miƙa. Katako kuwa turjiyarsa ta bin tsawon itace ta ninka ta gicciye sau da yawa, saboda haka dole a faɗi ta fuskar da aka ja shi.

3.6 Abin da Ma'aunin Ke Nunawa

Ga kimanin ma'aunin turjiya na wasu sanannun kaya:

Jadawali na 3.2: Ma'aunin Turjiya (GPa)

Lu'ulu'u: sama da 1,000
Ƙarfe: 200 zuwa 210
Jan ƙarfe: 110 zuwa 130
Alminiyam: 70
Gilashi: 70
Kankare: 20 zuwa 40
Katako, ta bin tsawo: 10
Roba: ƙasa da 0.1

Babban amfanin waɗannan alƙaluma shi ne hasashen yadda abu zai miƙe tun kafin a ɗora masa nauyi. A ɗauki rodi mai kaurin milimita 12, irin wanda magina suka saba da shi. Faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne. Idan tsawonsa mita 3 ne aka rataya masa tan 2, wato niyuton 19,600, takurarsa za ta zama kimanin MPa 173. Raba 173 da 200,000 zai ba da miƙa ta 0.00087, idan aka ninka ta da milimita 3,000 kuma a sami ƙarin tsawo na kimanin milimita 2.6. Da alminiyam ne mai wannan girma, ƙarin zai kai milimita 7.4. Da irin wannan lissafi ne injiniya ke sanin ko dakin zai sunkuya har filasta ta tsattsage, ko ƙofa ta ƙi rufuwa.

To sai dai ma'aunin bai faɗi nauyin da zai karya abu ba. Jadawali na 3.2 ya nuna gilashi da alminiyam suna da turjiya ɗaya, amma kowa ya san idan tukunyar alminiyam ta faɗi lotsawa take yi, kofin gilashi kuwa ya tarwatse. Haka abin yake a tsakanin ƙarafa. Ƙa'idar Birtaniya ta rodi, BS 4449, a bugunta na 1997 ta tanadi aji biyu: mai gaɓar saki ta MPa 250 da mai 460. A bugun 2005 aka mayar da babban ajin 500. Rodin milimita 12 na ajin 250 zai fara saki a wajen tan 2.9, na ajin 500 kuwa sai an kai wajen tan 5.8. Duk da wannan rata, ma'aunin turjiyarsu kusan ɗaya ne, GPa 200. Dalili kuwa shi ne turjiya ta dogara ne a kan yadda ƙwayoyin zarra na ƙarfen suke riƙe da juna, kuma ɗan abin da ake gaurayawa ko irin wutar da aka ba shi ba sa sauya wannan riƙo sosai. Gaɓar saki ce suke sauyawa.

Abin da wannan ke nufi shi ne, idan aka gwada rodi aka sami GPa 200, an tabbatar ƙarfe ne, amma ba a tabbatar da ingancinsa ba. Rodi mai kyau da maras kyau duk za su hau layi ɗaya a farkon giraf. Sai an ci gaba da ja har zuwa gaɓar saki da tsinkewa sannan kowanne zai nuna halinsa. Haka kuma wanda dakinsa ke sunkuyawa ba zai magance matsalar ba don ya sayi rodi mai babban aji. Abin da yake bukata shi ne ƙarin kaurin dakin ko yawan rodin, ko kuma rage tazarar da ke tsakanin ginshiƙai.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin takura da miƙa da ma'aunin turjiya, tare da dalilin zaɓen waɗannan kalmomi. An kawo tarihin ma'aunin daga Hooke zuwa Navier, an kuma nuna yadda ake awo da na'urar Searle. Misalin da aka bayar ya nuna cewa waya guda ta ba da GPa 200 a yankin layi miƙaƙƙe, ta kuma ba da GPa 100 da aka ɗauki awo bayan gaɓar saki, wanda ke tabbatar da cewa ingancin amsar ya rataya ne a kan wurin da aka ɗebo alƙaluman. Daga ƙarshe an bambance turjiya da ƙarfin jure nauyi. Babi na huɗu zai ɗora daga nan, inda za a dubi sauran ɓangaren giraf ɗin, wato daga gaɓar saki zuwa tsinkewa.